Abubakar Imam: Editan da ya ba Arewa labarin Yaƙin Duniya na Biyu

Akasarin masu karatun Hausa sun san marigayi Alhaji Abubakar Imam ne ta littattafansa na hikaya, musamman Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana karantawa a makarantu.

To amma aikin da ya fi ɗaukar ƙarfinsa, wanda kuma ya fi tasiri a kan al'amuran arewacin Najeriya, shi ne aikin jarida.

Ya riƙe muƙamin editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tsawon shekara 12, daga 1939 zuwa 1951, kuma rabin wannan lokaci duniya tana cikin yaƙi.

Gwamnatin Turawan mulkin mallaka ce ta kafa jaridar domin ta riƙa isar da saƙonta ga jama'a. Imam ya isar da saƙon, amma kuma ya buɗe ƙofar da jama'a suka riƙa mayar wa hukuma da magana. Wannan ne ya sa mutane suka yarda da jaridar, shi ne kuma ya jawo masa yabo da suka.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja.

Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, saboda haka da karatun allo ya fara, kamar sauran 'ya'yan gidan malamai.

Yayansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Katsina, kuma a can ne Abubakar ya yi karatun boko. A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malaman makaranta, ya kammala a 1932.

A kwalejin ya yi zamani da Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Najeriya.

Bayan ya gama karatu, an tura shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Wannan a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne.

Yana wannan aiki ne a shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin wani jami'in ilmi Bature mai suna Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hikaya da Hausar boko.

Ruwan Bagaja na cikin littattafan da aka zaɓa aka buga. Yayansa Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa su ma an buga nasu.

Hausar Imam ta burge East ƙwarai, har ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya. A 1936 ya je ya yi wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku.

A kashin farko, wani aku ne ke ta ba ɗan sarki labarai domin ya hana shi fita fagen fama, inda maƙiya suka ɗana masa tarko. Shekara uku bayan haka, marubucin da kansa ya sami aikin ba da labari a lokacin yaƙi.

Jita-jitar da ta haifi jarida

Kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, gwamnati tana buga wata jarida tun 1932 da Turanci da Hausa da Larabci, amma sau kaɗan take fitowa a shekara, kuma sarakuna da ma'aikatan En'e ne suka fi ganinta.

Zuwa shekarar 1938, al'amura sun fara dagulewa a Turai. Adolf Hitler, wanda Hausawa ke kira Hitila, yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikinsu har da Kamaru da Togo.

Nan take jita-jita ta bazu a Najeriya cewa Ingila na shirin miƙa ƙasar ga Jamus domin ta sami zaman lafiya.

Hukumomi suka ga ba su da wata hanya ta yi wa talakawa bayani kai tsaye da harshen da suke ji. Labari yana bin fatake da kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa, kuma kafin sanarwar Razdan ta iso, maganar ta riga ta zaga gari.

A watan Janairun 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta farko a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Da farko wata-wata take fitowa. Aka ɗauko Abubakar Imam daga aji aka ba shi aikin edita, yana da shekara kusan 28, East kuma yana shugabantar hukumar.

Ba a daɗe ba abin da ake tsoro ya auku. Ranar 1 ga watan Satumban 1939 Jamus ta mamaye Poland, kwana biyu bayan haka Ingila da Faransa suka ƙaddamar da yaƙi a kanta.

Yaƙi ya iso bakin iyaka

Da farko mutanen Arewa sun ɗauki yaƙin a matsayin rigimar Turawa da ke can nesa. Faɗuwar Faransa a hannun Jamus a watan Yunin 1940 ta sauya wannan tunani.

Hukumomin Faransa a Afirka ta Yamma, har da na Nijar, sun bi gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus. Chadi kuma, ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, wanda ya ci gaba da yaƙi tare da Ingila.

Ta haka iyakar da ta raba ƙasar Katsina da Daura daga Maraɗi da Tasawa da Damagaram ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba su ga maciji da juna.

Mutanen garuruwa irin su Jibiya da Kaita da Dutsi da Mai'aduwa da Zango, waɗanda ke da dangi da abokan ciniki a ƙetaren iyakar, sun shiga zaman ɗar-ɗar. Haka aka zauna har watan Nuwamban 1942, lokacin da hukumomin Faransa a Dakar suka koma ɓangaren ƙawancen Ingila da Amurka.

Kano kuwa ta zama babban zango na jiragen saman yaƙi. Akan harhaɗa jiragen a Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yanzu, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Sudan, su isa Masar, inda ake gwabzawa da sojojin Jamus da Italiya.

A ɗaya ɓangaren, tun a 1939 Jamus ta fara watsa shirye-shiryen rediyo da Larabci domin jawo ra'ayin Musulmi.

Ita ma gwamnatin Najeriya ta kafa ofishin yaɗa labarai a Legas a 1940. A 1944 aka mayar da shi ofishin hulɗa da jama'a, wanda shi ne tushen wannan sana'a a aikin gwamnati a ƙasar.

A Arewa, babban nauyin ya faɗa ne a kan ofishin Zariya. A shekarar 1941 aka ƙara da 'Yar Gaskiya, wadda ake bugawa da ajami domin waɗanda ba su iya boko ba, da kuma Suda, wata takardar labaran yaƙi da ake rabawa kyauta.

Aikin ba ƙarami ba ne. Sai edita ya bayyana wa manomi da malamin zaure ƙasashen da ba su taɓa jin sunansu ba, da makaman da ba su taɓa gani ba, kamar jirgin ruwa mai nutso da tankar yaƙi da bam da ake jefowa daga sama.

Imam ya yi amfani da irin Hausar da ya saba da ita a hikayoyinsa: gajerun jimloli, da misalai daga rayuwar yau da kullum, da karin magana a inda ya dace.

Da yake masu iya boko ba su da yawa a lokacin, jarida ɗaya takan isa ga mutane da dama. Mai karatu ɗaya ke zama a dandali ko ƙofar gidan hakimi ya karanta da ƙarfi, sauran su saurara.

Sojoji a Habasha da Bama

Labarin yaƙin ya fi shafar gidajen da 'ya'yansu suka shiga soja. Dubun dubatar 'yan Najeriya sun yi aiki a Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, kuma da yawansu daga Arewa suka fito. Tun kafin yaƙin, Hausa ce harshen bariki.

A watan Fabrairun 1941 sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka ƙwace birnin Mogadishu daga hannun Italiya, suka kuma nausa cikin Habasha.

Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81, sa'annan ta 82, na sojojin Afirka ta Yamma zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama domin yaƙar Japan. Sun yi fama a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, kuma a watan Janairun 1945 suka kama garin Myohaung.

Sunayen barikoki kamar Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama aka samo su.

Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har Indiya da Bama ya gana da waɗannan sojoji.

Jaridar Gaskiya ta zama igiyar da ta haɗa sojojin da gida. Tana kai musu labarin damina da sarauta da kasuwa, tana kuma kawo wa iyalansu labarin inda suke da abin da suke yi, gwargwadon abin da dokokin tace labarai na lokacin yaƙi suka bari a faɗa.

A gida kuma rayuwa ta yi tsanani. Kayan masarufi irin su gishiri da kananzir da yadi sun yi ƙaranci. An matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa.

Bayan Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka koma tara mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. An yi wannan aikin tilas daga 1942 zuwa 1944, kuma mutane da yawa sun rasu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci.

Mutanen da ke cikin wannan hali ne Imam yake rubuta wa jarida. Da a ce labarin nasarorin Ingila kaɗai suke gani a cikinta, da wuya su ci gaba da ba da kwabonsu.

Abin da ya riƙe su shi ne filin wasiƙu da sharhin edita. Malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji sun riƙa rubutowa, suna tambaya, suna kai kuka, suna gardama da juna a kan ilmi da aikin En'e da al'adu.

Wannan ne karon farko da mutanen Sakkwato da Kano da Bauchi da Yola suka sami dandali ɗaya na musayar ra'ayi da harshensu.

Tafiya Ingila

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila domin su ga yadda mutanen ƙasar ke jure wa yaƙin. Abubakar Imam ne kaɗai daga arewacin Najeriya.

Cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot ta Legas.

Azikiwe ya shirya wata takarda zuwa ga Sakataren Harkokin Mulkin Mallaka. Takardar ta kafa hujja da sanarwar da Winston Churchill da Franklin Roosevelt suka yi a 1941 kan 'yancin al'ummomi na zaɓar gwamnatinsu, ta kuma nemi a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai cikin shekara 15.

Imam bai sa hannu a takardar ba. A ganinsa, Arewa ta yi nisa a baya wajen ilmin zamani da ƙwararrun ma'aikata, kuma mulkin kai cikin gaggawa zai bar ta a hannun wasu.

A jawabin da ya yi wa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, ya fito fili ya bayyana rashin yardar da ke tsakanin Arewa da Kudu. Ya koka da yadda jaridun Kudu ke yi wa Hausawa da sarakunansu ba'a, da yadda wasu akawuna 'yan Kudu ke wulaƙanta mutanen Arewa a ofisoshi.

Turawa ma ba su tsira daga harshensa ba. A wannan tafiya ya gana da Lord Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903 ya kuma shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna.

Bayan ganawar, Imam ya rubuta masa wasiƙu inda ya zayyana illolin tsarin: yadda ake danne talakawa ba tare da wurin kai kuka ba, da yadda aka yi watsi da matasan da suka yi karatun boko, ba a shawara da su a harkokin En'e.

Lugard ya rasu a 1945. Masana tarihi suna ɗaukar wasiƙun a cikin muhimman takardun da suka nuna farkawar 'yan bokon Arewa.

Da ya dawo gida, Imam ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

Bayan yaƙi

Yaƙi ya ƙare a 1945. A wannan shekarar aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, aka ba shi injinan ɗab'i nasa na kansa. A 1948 kamfanin ya fara buga jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen.

Sojoji suka dawo gida da idon da ya ga duniya, matasan da suka yi boko kuma suka fara kafa ƙungiyoyin tattaunawa a Zariya da Kano da Bauchi da Sakkwato.

Imam yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da Dokta R.A.B. Dikko da sauransu. An yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, kuma a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC.

A nan ne suka ta fi yi masa yawa. Masu ra'ayin sauyi, waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, suna kallon Gaskiya a matsayin bakin gwamnati da sarakuna. A ganinsu, gyaran da Imam ke nema bai kai tushen matsalar ba.

Wasu sarakuna da jami'an Turawa kuma suna ganin jaridar tana ba yara bakin magana fiye da kima.

Shi kuwa ra'ayinsa bai sauya ba: a gyara sarauta da En'e daga ciki, a bazu da ilmi, a tafi sannu a hankali. Har yau masana na da saɓanin ra'ayi kan ko wannan hanya ta taimaki Arewa ko ta jinkirta ta.

A 1951 ya bar kujerar edita. An zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa da Majalisar Wakilai ta Legas, amma bai daɗe a siyasar jam'iyya ba.

Ya koma sashen littattafai, ya yi aiki da hukumar NORLA, wadda ta buga littattafai da ƙananan jaridu domin shirin Yaƙi da Jahilci. Daga tsakiyar shekarun 1950 ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben aikin gwamnati da 'yan asalin yankin.

Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafai kan tarihin Musulunci da rayuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A 1968 Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Abin da ya bari

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta rayu shekaru da dama bayan Imam. Daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna, kuma ta daina fitowa bayan durƙushewar kamfanin.

Aikin da aka fara a Zariya a 1939 kuwa ya zama sana'a mai zaman kanta. Rundunar sojan Najeriya tana da sashen hulɗa da jama'a da makarantar horar da jami'ansa, kuma a 2015 aka buɗe gidan rediyon sojoji a Abuja.

Jami'an da ake horarwa a yanzu suna koyon aiki da Facebook da WhatsApp, inda jita-jita kan hare-haren 'yan bindiga a Katsina ko Zamfara kan zaga ƙasa cikin 'yan mintoci, sau da yawa da Hausa.

Matsalar da suke fuskanta ita ce wadda Imam ya fuskanta: yadda mai magana da yawun hukuma zai sa mutanen da ke cikin wahala su yarda da abin da yake faɗa.

Hanyar da ya bi ita ce ya yi wa mutane magana da harshen da suke ji, ya ba su fili su mayar da martani, sa'annan ya ɗauki kukansu ya kai wa waɗanda suka ba shi aikin, har gaban Gwamna Lugga.